Shafi Tamanin da Huɗu da Ban Karanta wa Ilu Ba

Duk ranar Asabar, idan aka tashi daga karatun yara a masallacinmu na Cheetham Hill a nan Manchester, sai na samu wanda zai tare ni a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi, ya ce, "Baba Tanko, ka haɗa ni da masu aikin tafinta mana. Ai easy money ne, Hausa da Turanci duk ina ji." Yawancinsu 'yan jami'a ne masu neman na kashewa. Nakan tambaye su yadda za su faɗa wa tsohuwa da Hausa cewa ƙodarta ɗaya ta daina aiki, ɗayar ma tana kan hanya, alhali ita tana kallon bakinka, likita kuma yana kallon agogo. Sai su yi dariya su ce ai ba kullum ake samun irin wannan ba. Kullum ake samu. Shekara goma sha tara na yi ina wannan aiki tsakanin Manchester da Birmingham, kuma ba ritaya na yi ba, cire sunana aka yi. Tunda kuna son sana'ar, gara ku ji labarin daga bakina, ku ji yadda gidan wani bawan Allah da iyalinsa ya rataya a kan sa hannuna.

Ni haifaffen Zangon Kumasi ne. Na zo ƙasar nan da takardar sakandare da Turancin da nake taƙama da shi, na ƙare a ɗaukar kwalayen tufafi a wani sito na 'yan sari. Wata rana wani ɗan'uwanmu ya kwanta a babban asibitin Edgbaston, aka ce in je Birmingham in tsaya masa wajen likita. Na tsaya, na yi abin da a ganina bajinta ce. Muna fitowa sai wata gajeriyar mata mai furfura, sanye da kayan ungozoma, ta sha gabana a baranda.

"Ɗana," in ji ta da Hausa, "likita ya yi magana ta minti biyu, kai ka yi ta numfashi ɗaya. Ina ka kai sauran?"

Na ce ai na faɗa masa mai muhimmancin.

"Wa ya naɗa ka mai zaɓar masa mai muhimmanci? Cikinsa za a yanka ko naka?"

Mama Saratu ke nan, 'yar Filato, dattijuwa a cocinsu, wadda ta daɗe tana yi wa asibiti da kotu tafinta a lokutan hutunta. Ita ta koya mini sana'ar. Shekara ɗaya da rabi ina hawa jirgin ƙasa duk Lahadi, in same ta ta dawo daga coci, mu zauna a kicin ɗinta. Ta kunna rediyo ana labarai, ta bari a yi minti ɗaya, ta kashe, ta nuna ni da cokali. Idan na tsallake abu sai ta ƙwanƙwasa tebur. Tun a makon farko ta fara tsokanata da cewa Hausarmu ta Zango ba ta san mace ba, kowa "ya zo" ne, har uwar mutum. Ni kuma na ce tasu ta Jos rabinta aro ce. Haka muka yi ta yi har na gyaru.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin littafi mai waya a ka, wanda ake juya shafinsa da hannu ɗaya. Fensir biyu, don biro yakan mutu a tsakiyar hukunci. Gorar ruwa. Sai wani littafin daban da kake tara kalmomi a ciki, na likitanci a gaba, na shari'a a baya. Duk lamba a rubuce take, ko shekarun yaro ne, kada ka yarda da kanka. Kujerarka ba ta gefen likita ba ce, ba ta gefen mara lafiya ba ce, ka ɗan ja baya yadda za su kalli juna su manta da kai. Kuma da bakinsu kake magana. Idan mace ta ce "ina da ciki", kai ma "ina da ciki" za ka ce, da gemunka da komai, kada ka yi murmushi. In an gama, ka yage abin da ka rubuta a gabansu.

Ta kuma ba ni doka biyu da ba sa cikin kowane littafi. Kada ka ci abinci a gidan wanda kake yi wa aiki. Kada ka ba shi shawara, ko da ya roƙe ka da Allah. Takan ƙara da Turanci, tana nuna ni da cokalin nan, "You are not his uncle, Tanko."

Aikin da ya fara gwada ni wani dattijo ne daga Tamale, a asibiti a nan Manchester. Likita ya ce ciwon daji ne kuma ya bazu, watanni suka rage. Babban ɗansa yana tsaye bayan likitan yana girgiza mini kai, yana yi mini alama da ido kada in faɗa. A gida da haka za a yi, a ce wa tsoho gyambon ciki ne, ya ci gaba da shan magani. Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa, kalma da kalma. Tsohon ya tambaya ko jikinsa zai iya jure jirgi zuwa gida. Ya tafi, ya rasu a ɗakinsa. Ɗan ya yi shekara biyu ba ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba. Na kawo wannan ne don ku san ba rashin sanin aiki ne ya kayar da ni ba. Na san shi sarai.

Ilu kuwa ta waya ya shigo rayuwata, a farkon shekarun dubu biyu. Ofishin da ke tura mu aiki ya kira ni ya ce wani kulob ɗin ƙwallo ya sayi yaro daga Nijar, ba ya jin Turanci, Faransancinsa ma na kasuwa ne, ana son mai Hausa wajen gwajin lafiya. Na je na tarar da dogon saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, daga wani ƙauye kusa da Maraɗi, yana zaune da gajeren wando an manna masa wayoyi a ƙirji. Da na yi masa sallama sai ya sauko daga gadon da wayoyin da komai, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ina wuni." Turawan suka ɗauka jiri ne ya kwashe shi.

Wata shida ina bin sa filin atisaye cikin ruwan sama, ina fassara masa ihun koci. A nan na san zagin Turawa yana da wuyar juyawa, rabinsa ba shi da ma'ana ko a wajensu. Yaron yana da ƙafa, ba a daɗe ba albashinsa na mako ya wuce abin da nake samu a shekara. Da kwangilar kulob da ofishinmu ta ƙare sai ya ce in ci gaba da zuwa, shi zai riƙa biyana. Banki, lasisin mota, wasiƙun council, wato hukumar gari, likitan haƙori, duk ni ne. Yana haya a saman wani tsohon babban gida da aka rarraba a Whalley Range, abokan wasansa suna yi masa dariya, su da ke zaune a manyan gidaje a bayan gari. Banki ya yi ta binsa ya karɓi bashin sayen gida, ya ƙi. Ya ce mahaifinsa ya yi masa wasiyya abu ɗaya kafin ya hau mota, kada ya ci kuɗin ruwa kada ya biya. Zai tara ya saya da kuɗi hannu.

Ban san ranar da na fara cin abinci a gidansa ba. Yaro ne shi kaɗai a ƙasar mutane, ya dafa shinkafa da wake ya turo maka kwano, ka ce masa doka ta hana? Na ci. Daga nan ya fara tambayata ko ya aika wa kawunsa kuɗin injin niƙa, ko ya yi azumi ranar wasa. Ni kuma ina amsawa, har ina jin daɗin a ce ɗan ƙwallon da ake nunawa a talabijin ni yake tambaya.

A shekararsa ta uku, wajen ƙarshen Maris, ya kira ni ya ce wani Bature zai zo da maganar kuɗi. Sunansa Darren, yana aiki da wani kamfani mai ba 'yan wasa shawara kan dukiyarsu. Abin da ya fara saye mu shi ne, yana isowa bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa ba wanda ya ce masa. Ni da Ilu muka kalli juna. Ya zauna a ƙasa kamar yadda ya tarar da mu, ya tambayi lafiyar mahaifiyar Ilu da sunanta.

Bayaninsa, kamar yadda na fassara, shi ne wannan. Kusan rabin albashin Ilu haraji yake tafiya. Gwamnati kuma tana son a riƙa yin finafinai a ƙasar, saboda haka wanda ya zuba kuɗi a fim ana rage masa haraji. Ilu zai shiga tarayya da wasu masu kuɗi su sayi finafinai. A shekarun farko, a takarda, za a ga an yi asara. Sai a ɗauki asarar a kai wa hukumar haraji, ita kuma ta mayar masa da harajin da ya riga ya biya. Ya ce fiye da rabin abokan wasansa sun shiga, har kyaftin ɗinsu, ga 'yan dambe ga 'yan kurket.

Ilu ya yi tambaya biyu. Ta farko, finafinan akwai tsiraici a ciki? A kan wannan muka ɓata minti arba'in. Darren ya fito da littafi mai ƙyalli da hotunan finafinan, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, Ilu yana sa yatsa yana tambaya wannan matar me ya sa kafaɗarta a waje. Aka tabbatar mana yawancinsu na yara ne da na tarihi. Ta biyu, akwai kuɗin ruwa? Darren ya ce, "Ba za ka ciro ko sisi daga aljihunka ka biya ruwa ba. Tarayya ce, kasuwanci ne." Na fassara daidai yadda ya faɗa. Mu biyun muka saki jiki, a ganinmu mun tsare addini, sauran kuma harkar Turawa ce da suka fi mu sani.

Sai ya ciro takardar yarjejeniya. Shafi tamanin da huɗu, ƙananan rubutu, an manna 'yan takardu masu ruwan ɗorawa a wurare biyar da za a sa hannu. Ga abin da ba ku sani ba game da wannan aiki. Karanta rubutaccen Turancin lauyoyi kana juya shi Hausa da baki ya fi komai cin rai. Shafi ɗaya yakan ci minti huɗu ko biyar, in ba a tsaya tambaya ba. Na auna takardar a hannuna na san aikin awa shida ne. Na faɗa. Darren ya dubi agogonsa cikin ladabi ya ce shekarar haraji za ta rufe mako mai zuwa, dole takardu su isa London gobe, kuma akwai 'yan wasa uku da ke jiransa a yau. Ya ce duk abin da ke ciki shi ne abin da ya riga ya bayyana.

Na karanta shafi biyu na farko. Na fara tsallake-tsallake ina karanta kan babi kawai. Ilu ya gaji, ya ɗora hannu a kan takardar.

"Baba, bar wannan. Kai me ka gani?"

Amsar da ta dace na san ta kamar sunana. Ni tafinta ne, ba ni da ra'ayi, ka nemi lauya naka na kanka, ranar ta wuce in za ta wuce. Amma yaro ya kira ka uba a gaban baƙo, ya miƙo maka al'amarinsa, ka ce ba ruwanka? A tarbiyyarmu wannan abin kunya ne. Kuma gaskiya ban so in zama tsohon da ya hana yaro abin da takwarorinsa suka samu ba. Na ce, "Mutumin da alama mai mutunci ne. Manyanku ma duk sun shiga."

Bai ƙara tambaya ba. Yaron da aka rena a gida irin nasu ba ya bin bayan maganar babba da bincike. Ya yi bismilla ya sa hannu wuri biyar. Sannan Darren ya juyo da shafin ƙarshe wajena, ya ce wannan na tafinta ne, al'ada ce kawai. Layi uku ne, suna cewa na karanta wa mai sa hannu dukan takardar nan da harshensa kuma ya nuna ya fahimta. Na sa hannu, na rubuta sunana na fasfo a ƙasa, Muhammad Abubakar. Muka raka shi har mota.

Bayan wasu watanni kuɗin suka shigo, kamar yadda aka yi alkawari. Ilu ya kira ni yana mamaki, wai ashe akwai ƙasar da gwamnati ke mayar wa mutum kuɗi. Shekara ta zagayo wani kulob na yankin Birmingham ya saye shi. Kafin ya tafi ya ga Hadiza, 'yar wani abokina na Cheetham Hill, yarinyar da aka haifa a nan, na ci naman sunanta, tana kirana Baba tun tana koyon magana. Ni na zama waliyyinsa, ni na kai goro. Ya haɗa abin da ya tara da abin da hukumar haraji ta mayar masa, ya sayi gida a Edgbaston da kuɗi hannu, mai jan bulo, da ɗaki a ƙasa don mahaifiyarsa in ta zo ganin likita. Ranar tarewa ya riƙe hannuna ya zagaya da ni ɗaki-ɗaki yana cewa babu sisin banki a cikin bulo ɗaya. A gidan aka haifi 'ya'yansu uku.

Shekara shida bayan sa hannun nan ita ce mummunar shekara. Gwiwar Ilu ta riga ta tashi aiki, an yi masa tiyata biyu, kulob bai sabunta kwangilarsa ba. Ya daina wasa yana da shekara talatin. A lokacin ne ambulan masu ruwan ƙasa suka fara isa gidajen 'yan wasa. Hukumar haraji ta bi diddigin irin waɗannan tarayya ta finafinai, ta ce da yawansu ba kasuwanci ba ne, dabara ce kawai ta kauce wa haraji, don haka kowa ya dawo da abin da aka mayar masa, da ruwa, da tara. Na ga labarin a jarida na wuce. Wallahi ban haɗa shi da Ilu ba. Takardar nan na manta da ita ƙaf.

Ofishinmu ya kira ni ya ce akwai aiki a wajen wata lauya a Birmingham, maganar haraji. Ashe aikin na Ilu ne. Ilu yana jin Turanci a lokacin, amma na fili da na kanti, kuma lauyar ta ce ba za ta yarda matarsa ta fassara masa ba, sai tafinta mai rajista. Mama Saratu ta tsufa ta daina fita, mai Hausa a rajistar ni kaɗai na rage a yankin. Da na shiga na ga Ilu da Hadiza, ya kamata in ce na san su in fita. Na ce a raina ai wasiƙar haraji ce, in taimaka wa yaron. Na ja kujerata baya, na buɗe littafina.

Lauyar ba ta da kwana-kwana. Ta faɗi abin da hukumar ke nema, na rubuta lambar, na dube ta sau biyu, na roƙe ta ta maimaita. Fam dubu ɗari tara da ɗoriya. Na faɗa da Hausa. Ilu ya ce ai abin da aka mayar masa bai kai haka ba. Ta ce an ɗora ruwa da tara, sannan akwai harajin kuɗin da finafinan suka riƙa kawowa da sunansa duk shekara. Ya ce bai taɓa ganin ko fam ɗaya daga fim ba. Ta ce ba zai gani ba, domin kai tsaye suke wucewa banki, biyan bashinsa.

Na tsaya. A shekara goma sha tara ban taɓa tsayawa a tsakiyar jimla ba. Ta ci gaba, ni kuma na ji bakina yana faɗa da Hausa, a lokacin da kunnena ke jin maganar karo na farko.

"Akwai bashin banki da sunanka. Kuɗin da ka zuba kashi ɗaya ne cikin biyar, sauran huɗun an ranto maka su ne. Bashi ne mai ruwa. Shekara shida ke nan ana biyan ruwan da sunanka."

Ilu ya dube ni, ba lauyar ba. "Ni? Baba, ni ban taɓa cin bashi ba."

Na juya mata da Turanci, da bakinsa, cewa ni ban taɓa cin bashi ba. Ta buɗe takardar ta juyo masa da ita. Shafi na talatin da ɗaya zuwa na arba'in, babi guda a kan bashin, a sarari, ba a ɓoye komai ba. Shafi ashirin da tara ne tsakanin inda na tsaya da inda abin yake.

Hadiza ce ta tambaya, da Turancinta na Manchester, ko gidan zai tafi. Lauyar ta ce da hukumar haraji babu ja, za a iya neman sassauci kan tara amma za ta karɓi kuɗinta, kuma ba su da wata kadara da ta kai sai gidan. Hanya ɗaya ce ta rage. A kai ƙarar kamfanin da ya sayar masa da tsarin, a nuna bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba. In an yi nasara, inshorarsu ta biya. Sai dai da safiyar nan kamfanin ya aiko da kwafin takardar, kuma akwai matsala a shafin ƙarshe. Ta karanta layi ukun nan da ƙarfi, har da sunan da ke ƙasa. Ita da Mista Tanko ta san ni, ba ta gane sunan ba. Amma Hadiza ta san sunana na fasfo. Na ga ta ajiye jakarta a hankali.

Na fassara layi ukun. Sannan lauyar ta ce, ni kuma na juya, "Ina son ka yi tunani kafin ka amsa, gidanka ya dogara da wannan. An karanta maka takardar nan gaba ɗaya da harshenka?"

Ilu ya sunkuyar da kai yana kallon tebur. Sannan ya ce, "An karanta mini. Duka."

Ba zai ƙaryata babba a gaban baƙuwa ba, ko da gidansa zai tafi. Ni kuma aikina in faɗi abin da aka faɗa. Na buɗe baki na ce mata da Turanci an karanta mini, duka. Na faɗa, ba zan ɓoye muku ba. Lauyar ta numfasa ta fara rufe fayil, tana cewa to in haka ne ba ta ga ƙarar da za a shigar ba.

Na ajiye littafin na miƙe tsaye. Na ce mata yanzu ba fassara nake yi ba, ni ne ke magana. Muhammad Abubakar ni ne, sa hannun nawa ne, shafi biyu na karanta masa, kuma ni na ce masa mutumin mai mutunci ne.

Ta dube ni kamar ba ta ji Turancina ba. Ta tambaya ko na san abin da wannan yake nufi ga aikina, na ce na sani. Ta dakatar da zaman nan take, ta ce kada in ƙara furta kalma ɗaya ga wanda take karewa, in jira a waje. Da suka fito, Ilu ya same ni a wajen ajiye motoci, idonsa ja.

"Baba, me ya kai ka? Ka tozarta kanka a gaban Baturiya. Da ka bari."

Abin da ya fi girgiza ni a ranar ba lambar ba ce, wannan ne. Mutum zai rasa rufin 'ya'yansa, abin da ke damunsa furfurata.

Na rubuta bayani na rantse a kansa. Cikin wata biyu aka cire sunana daga rajista, kuma daidai ne. Na koma sito ina da shekara hamsin da ɗoriya, ina ɗaukar kwalaye tare da sa'o'in 'ya'yana. Na je na faɗa wa Mama Saratu da bakina kafin ta ji a gari. Tana zaune da bargo a cinya ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Shafi nawa ne?"

"Tamanin da huɗu, Mama."

Ta yi lissafi da leɓenta. "Awa shida," in ji ta. "Awa shida, Tanko." Sannan ta ce in sa mana ruwan shayi.

Kuna jira in ce bayanina ya ceci gidan. Ni ma haka na yi ta jira. Kafin a shigar da ƙara kamfanin ya rufe, Darren ya bar ƙasar. Masu inshora suka yi ta ja, yau a kawo wannan takarda, gobe waccan, a ƙarshe suka ba da abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, lauyoyi suka ɗauki nasu a ciki. Hukumar haraji ba ta jira kowa ba. Manyan taurarin da suka shiga tare da shi, wasu sun biya sun ci gaba da rayuwa, wasu sun tsiyace an buga a jarida. Na Ilu ba a buga ba, bai kai girman da za a buga ba. Aka sa gidan a kasuwa.

Ranar da za su tashi na hau jirgi na je taya su kwashe kaya. Ilu ya tare ni a bakin ƙofa ya durƙusa kamar kullum, da gwiwar nan tasa da ba ta lanƙwasuwa sosai, ya ce da ban wahalar da kaina ba. Za su koma haya, ɗaki biyu a saman wani kanti. Yaran suna zaune a kan matakala da jakunkunan makaranta, ƙaramar tana tambaya ko sabbin masu gidan za su bar ta ta riƙa zuwa ganin ɗakinta.

Ina tsaye a baranda ina neman abin da zan ɗauka sai ga Hadiza ta fito daga kicin da kwalin tukwane a hannu. Tun ranar ofishin lauya ban gan ta ba. Na miƙa hannu na ce, "'Yata, kawo in karɓa miki."

Ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta gyara riƙon kwalin, ta ce da Turanci, "Excuse me, Mr Tanko."

Na matsa jikin bango, ta wuce da kayanta zuwa mota.